Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ake Shirya wa Mahaukaciyar Guguwa a Gaɓar Tekun Amurka

Hadarin da ke tasowa daga gabas a watan Agusta, ya sheƙa ruwa a Damagaram da Kano da Sakkwato ya yi yamma, ba kullum yake mutuwa a kan tudu ba. Wani yakan fita ta gaɓar Senegal ya faɗa Tekun Atlantika. In ya tarar da ruwan tekun ya ɗumama, zafinsa ya kai digiri 26 da rabi ko fiye, sai ya fara juyawa yana tara ƙarfi, bayan kwana goma ko mako biyu a ji shi a bakin Florida ko Texas da suna irin na mutane. Mafi yawan manyan guguwoyin da ke afka wa Amurka da tsibiran Karibiyan nan ne asalinsu. To amma wanda ya tashi a Sahel bai san abin da hadarin garinsu ke rikiɗewa ya zama ba, shi ya sa ɗalibi ko ma'aikacin da ya sauka a Houston, New Orleans, Tampa ko Miami yake buƙatar ya koyi abin tun daga tushe.

Lokacin guguwa a Atlantika yana farawa 1 ga Yuni, ya ƙare 30 ga Nuwamba, amma zafinsa daga tsakiyar Agusta ne zuwa tsakiyar Oktoba. Guguwa tana samun suna idan gudun iskarta ya kai kilomita 63 a awa. In ya kai 119 ta shiga mataki na 1. Mataki na 3 daga 178 yake farawa, na 5 kuma daga 252.

Ga kuskuren da ya fi cin rai: mutum ya ji an ce mataki na 1 ce ko na 2, ya ce ai ƙarama ce. Wannan lamba iska kawai take aunawa, ba ruwanta da ruwa. Alhali ruwan ne ke kisa. A cikin waɗanda guguwa ta kashe kai tsaye a Amurka tsakanin 1963 da 2012, kusan tara cikin goma ruwa ne ya ci su, wajen rabinsu kuma tumbatsar teku ce, wato ruwan da iska ke turowa daga teku ya hau tudu. Guguwar Ike ta sauka Galveston, a gaɓar Texas, a 2008 tana mataki na 2, amma tekun ya hau fiye da mita 4, ya share gidajen zirin Bolivar. Katrina a 2005 mataki na 3 ce lokacin da ta sauka, tumbatsarta ta haura mita 8 a gaɓar Mississippi. Harvey a 2017 ta riga ta rage ƙarfi lokacin da ta tsaya cik tana juye ruwa a kan yankin Houston, a wani wuri a kudu maso gabashin Texas aka auna fiye da mita ɗaya da rabi. Ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska nauyinsa tan guda ne. Ba katangar gidan da aka gina don ta tare wannan.

Abin da ake gamawa kafin a ga hadari

Tambayar farko ita ce: gidanka yana cikin shiyyar da ake kwashewa? Kowace ƙaramar hukuma ta bakin teku tana da taswira a shafinta na intanet. A Florida haruffa ne, A ita ce mafi kusa da ruwa, ita ake fara kora, sai B, sai C. A yankin Houston da Galveston da lambar gidan waya ta unguwa ake rabawa. Ka duba, ka rubuta, ka manna a jikin firji. Ranar da hukuma ta ce shiyya kaza ta fita ba ranar neman harafinka ba ce.

Sai inshora, wadda nan ne baƙi suka fi shan mamaki. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, haka ma ta ɗan haya. Ta ambaliya daban ake saya, kuma ta gwamnatin tarayya sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki. Da zarar guguwa mai suna ta doso, kamfanoni sukan daina sayar da sabuwa. Ka kuma karanta kason da kai za ka fara biya in ɓarnar ta guguwa ce, don yawanci da kaso ake lissafa shi, 2 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka yi wa gidan inshora. Gidan dala 300,000 a kan kashi 2, dala 6,000 ta farko daga aljihunka za ta fito. Ka zaga gidan da waya ka ɗauki bidiyon kowane ɗaki, ka buɗe kabad, ka nuna lambar jikin talabijin da kwamfuta, ka ajiye a intanet.

Mai tsoho a gida, ko mara lafiyar da ke kan injin numfashi ko wankin ƙoda, ko wanda ba shi da mota, ya yi rajista da hukumar agajin gaggawa ta yankinsa tun yanzu. A Texas ana kiran 211.

Ruwan sha da abinci

Ƙa'idar ita ce galan ɗaya, kusan lita 4, ga kowane mutum a kowace rana. Kwana uku shi ne mafi ƙaranci, amma kwana bakwai ya fi kusa da gaskiya, kuma shi hukumomin Florida ke cewa. Gida mai mutum biyar ke nan lita 140, jarka bakwai mai lita 20. Wannan na sha da girki ne da ɗan goge jiki. Wanda ya tsara lissafin bai sa buta a ciki ba, don haka gidan Musulmi ya ƙara kamar lita 2 a kan kowane babba saboda tsarki da alwala, in ruwa ya yi ƙaranci kuma taimama na nan. Ba sai ka sayi na kwalba ba. Ruwan famfo kafin guguwa lafiyarsa lau, jarka mai tsabta kawai kake buƙata. A daren ƙarshe ka cika bahon wanka, wannan na kora bayan gida ne, bokiti guda a kwarara da ƙarfi ya isa. In da yaro mai rarrafe, a kulle ƙofar banɗakin.

In famfo ya gurɓata, a tafasa ruwa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In babu wuta, ɗigo 2 na bilic mara turare a lita ɗaya, ɗigo 8 a galan, a jira minti 30. In ruwan ya yi duhu, a tace da ƙyalle a ninka ɗigon. Wannan ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya cire fetur ko gishirin teku.

A fannin abinci Bahaushe ya fi maƙwabtansa sa'a, don guzurin matafiya gadonsa ne: garin kwaki da sukari, ƙuli-ƙuli, dabino, soyayyiyar gyaɗa, kilishi, madarar gari, kifin gwangwani. Buhun shinkafa ba ya amfani in murhun na lantarki ne. Kuma kada a manta da mabuɗin gwangwani na hannu. Magani a tanadi na mako biyu aƙalla. A Florida, in gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci, doka ta ba da damar karɓar na wata guda kafin lokacinsa. Insulin yana iya kaiwa kwana 28 a wajen firji matuƙar zafin bai wuce digiri 30 ba, amma kada a ɗora shi kai tsaye a kan ƙanƙara, in ya daskare ya lalace.

Sauran kayan: tocila ga kowane mutum, batura, rediyo mai batir, fawa bank a cike, da tsabar kuɗi ƙanana, don na'urar kati ba ta aiki ba wuta. Kyandir a bar shi, gobara a tsakiyar guguwa babu mai zuwa kashe ta. Fasfo, biza, katin zama, takardun makaranta, na haihuwa da na inshora, duk a leda mai zif, a jakar da za a sura da hannu ɗaya.

Karanta hasashe

Cibiyar kula da guguwa ta ƙasa da ke Miami tana fitar da sanarwa duk awa shida, in abin ya matso kuma duk awa uku. Ita za ka bi, da hukumar yankinka, ba saƙon da aka turo a WhatsApp ba. Sanarwarta hawa biyu ce. Ta sa-ido tana fita awa 48 kafin a sa ran isowar iska mai ƙarfi, ma'anarta abin zai iya zuwa. Ta gargaɗi tana fita saura awa 36, ma'anarta yana tafe.

Zanen nan mai kama da mazurari da ake nunawa a talabijin yana ruɗin mutane. Ba girman guguwar yake nunawa ba, hanyar da tsakiyarta za ta iya bi ce kawai, kuma sau ɗaya cikin uku tsakiyar takan fita daga cikinsa. Iska da ruwa suna kaiwa ɗaruruwan kilomita a wajensa. A 2022 idon kowa yana kan Tampa, Ian ta karkata kudu ta faɗa wa Fort Myers. Helene a 2024 a Florida ta sauka, amma mafi munin ambaliyarta a duwatsun North Carolina ta yi, nesa da teku. Ka kuma lura da ɓangaren da kake. Guguwar tana juyawa saɓanin hannun agogo, saboda haka wanda ke hannun damanta, in ana kallon inda ta dosa, shi teku ke hawa kansa, shi ne kuma ya fi fuskantar 'yan ƙananan guguwoyi masu murɗawa. Ƙarfinta ma yana iya tashi dare ɗaya: Otis a 2023 cikin kusan kwana guda ta tashi daga matsakaiciya zuwa mataki na 5 ta afka wa Acapulco a Meziko. Shi ya sa masu aikin agaji kan shirya wa mataki ɗaya sama da wanda aka faɗa.

Lissafin lokacinka kada ka ɗora shi a kan saukar tsakiyar guguwar. Ka ɗora shi a kan isowar iskar kilomita 63, wadda kan riga ta da awanni da yawa. Daga nan ba a iya ɗaga katako a tsakar gida, ana rufe dogayen gadoji, a wurare da yawa ma motocin agaji sukan daina fita.

Ɗaure gida

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In taga ɗaya ta fashe ko ƙofar gareji ta lotsa, iska ta cika gidan kamar balan-balan, tana tura rufi daga ƙasa, ta waje kuma tana fizgarsa daga sama. Haka rufi ke tashi. Saboda haka maganar a bar taga a ɗan buɗe don iska ta wuce ƙarya ce mai haɗari. Manna salatif a gilashi ma aikin banza ne, ba ya hana fashewa, sai dai ya sa gilashin ya taso manya-manya.

Wanda ba shi da murfin taga na ƙarfe ya nemi filawud na waje, mai kaurin inci biyar bisa takwas, kusan milimita 16. A yanka kowane ya zarce ramin tagar da santimita 10 ta kowane gefe. A ɗaure da sukuru, ba ƙusa ba, tazarar santimita 30, kuma sukurun ya shige aƙalla santimita 5 cikin katakon da ke riƙe da bango. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaurawa a jikin adon bakin taga ko fatar bangon, iska ta ɓalle shi da katakon gaba ɗaya. Bangon bulo sai an huda an sa maƙalai tun da wuri. Falle guda nauyinsa ya kusa kilo 25, aikin mutum biyu ne, kuma gida mai taga goma zai ci yini. A rubuta wa kowanne sunan tagarsa don baɗi. Ƙofar gareji a tokare ta daga ciki da sandunan da ake sayarwa don haka. Ɗan haya ya tambayi mai gidan tun a watan Mayu wa ke da alhakin wannan aiki.

Duk abin da ke waje, kujera, tukunyar fulawa, kwandon shara, keken yara, a shigo da shi, don a iskar kilomita 150 kowannensu harsashi ne. A yashe indararo da kwatar bakin titi. Buhun yashi a cika shi rabi ko kashi biyu cikin uku, a jera kamar ginin bulo a kan leda, a tattake. Yana tare ruwan da bai wuce gwiwa ba, amma tumbatsar teku ba sa'arsa ba ce. Mota a cika mata tanki tun kwana uku kafin, a kai ta tudu, nesa da bishiya. Mai amfani da batir kuwa a fitar da ita daga gareji in akwai barazanar ruwan teku, don ruwan gishiri yana sa batirin ya kama wuta, wani lokaci bayan kwanaki.

Firji da firiza a kai su ƙarshen sanyi, a cika gurbin firiza da robobin ruwa su daskare. In wuta ta ɗauke, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi awa 4, cikakken firiza awa 48, rabi kuma 24.

Tafiya ko zama

Hukuncin ba shi da wuya. In shiyyarka aka kira, ko gidanka irin na tafi-da-gidanka ne da ake ja da mota, ko unguwar ta saba cika da ruwa, ka fita. In kana tudu, a gini mai ƙwari, wajen shiyyar, zama ya fi, ka bar titi ga waɗanda teku ke bi. A 2005, makonni kaɗan bayan Katrina, tsoron Rita ya fitar da miliyoyin mutane daga Houston a lokaci guda, har da waɗanda ba a ce su fita ba. Motoci suka tsaya kusan kwana guda cikin zafi, mai ya ƙare, fiye da mutum 100 suka mutu a sanadin tafiyar, guguwar kuma ta karkata gabas. Ba sai ka tsallaka jiha ba. Gidan ɗan'uwa ko abokin masallaci mai nisan kilomita 30 ko 50 daga teku, in tudu ne, ya wadatar. Ka fita da sassafe, da rana tsaka titi ya riga ya cushe. Kafin ka ja ƙofa ka cire kayan wuta daga soket, ka rufe tukunyar gas, ka kashe babban famfo, ka ɗaga abin da za ka iya bisa tebur. Matsugunin hukuma tsira yake bayarwa, ba jin daɗi ba: ka tafi da bargo, darduma, magani, da abincin da ka yarda da halaccinsa.

Mai zama ya zaɓi ɗaki na tsakiya mara taga a hawan ƙasa, banɗaki ko lungun kaya, da katifa a kusa don rufe kai. Kowa ya sa takalmi rufaffe. In iska ta tsaya tsit, har sama ta washe, kada a fita. Idon guguwar ne, wato tsakiyarta mai shiru, ke wucewa, bayan 'yan mintuna ko awa guda za ta dawo da cikakken ƙarfi daga ɗaya gefen. In ruwa ya fara shigowa, a kashe babban makunnin wuta tun ƙasa na bushe, ba a taɓa shi ana tsaye cikin ruwa. A hau sama, amma kada a shige sararin da ke tsakanin silin da rufi in ba shi da mafita. A New Orleans mutane da yawa a nan ruwa ya rutsa su. Kan rufin ya fi, a kira 911, lambar neman agajin gaggawa, daga can. Saƙon tes yakan wuce a lokacin da kira ya ƙi shiga.

Bayan ta wuce

Sau da yawa mutuwar ba ta ƙarewa da iskar. Bayan Laura a 2020, waɗanda hayaƙin janareta ya kashe a Louisiana da Texas sun fi waɗanda guguwar ta kashe da kanta. Mu da muka girma da janareta ne ma muka fi saurin raina shi. Iskar da ke kisan ba ta da wari ba ta da launi, alamarta ciwon kai da jiri da barci, kuma gidajen can a toshe suke ruf, ba kamar namu masu tsakar gida ba. Janareta a waje yake zama, mita 6 daga kowace ƙofa ko taga, salansa na kallon nesa. Gareji ba waje ba ne ko da ƙofarsa a wangale take, baranda ma haka. A sa na'urar ƙararrawar hayaƙin mai batir kusa da ɗakin kwana. Gawayi da murhun gas na gashi su ma a waje. Kada a cusa wayar janareta a soket ɗin bango in babu canjoba, wutar tana komawa layi ta kashe ma'aikacin da ke kan turke. A kashe shi ya huce kafin a zuba mai. Mai ƙarfin wat 5,000 yana shan lita 2 zuwa 3 a awa, wato in awa takwas zai yi a rana, jarka guda ke nan kullum.

Zafi ma abokin gaba ne. Beryl mataki na 1 ce kacal a Yulin 2024, amma ta bar gidaje da shaguna fiye da miliyan 2 a yankin Houston ba wuta, wasu fiye da mako, kuma zafi ya kashe mutane, akasari tsofaffi. A kai tsoho da jariri wuraren shan sanyi da hukuma ke buɗewa.

Ruwan da ke kwance a titi kada a shiga. Santimita 15 mai gudu yana kayar da babba, 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 yana tafiya da jif. A ciki akwai ruwan masai, wayar wuta, macizai, kadoji, da jajayen tururuwa masu harbi da ke dunƙulewa su yi ta yawo a saman ruwa kamar faifai. Mai ciwo a ƙafa, musamman mai ciwon suga, ya nisanci ruwan gishiri. Mahaɗar da danjarta ta mutu kowa tsayawa yake, wanda ya riga isowa ya fara wucewa.

Nama, kaza, madara ko miyar da ta yi fiye da awa 2 a sama da digiri 4, a zubar, ko da ba ta yi wari ba. In ka ji warin gas, ka fita ba tare da taɓa makunni ba. Gidan da ruwa ya shiga, a ɗauki hoton komai da alamar inda ruwan ya tsaya a bango kafin a taɓa tsinke, sannan a yi sauri, don fumfuna tana kamawa cikin awa 24 zuwa 48. Kafet da katifar da suka sha ruwan ambaliya sun tafi. Allon bango a yanke shi santimita 30 sama da alamar ruwan, a zare audugar da ke bayansa, a bar katakon ya bushe sarai kafin a rufe. Wajen wanki kofi ɗaya na bilic a galan na ruwa ya isa, taga a buɗe, kuma ba a haɗa shi da sabulun da ke da amoniya, hayaƙinsu guba ne. Masu gyaran rufi za su zo har ƙofa da motoci masu lambar wata jiha. A nemi lambar lasisinsu inda jihar ke bayarwa, da shaidar inshorarsu, a sa yarjejeniya a rubuce, kuma kada a biya kuɗin aiki duka kafin a ga aikin. Rasit ɗin tamfol, na otal da na mai duk a adana su a ledar nan ta fasfo, kamfanin inshora da FEMA, hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin tarayya, za su tambaya.